Turancin masassaƙa: yawona a Reading da High Wycombe

Mu a gida in an ce wane ya iya Turanci, ana nufin yana zuba manyan kalmomi masu tsayi irin waɗanda sai an ɗauko ƙamus. To akwai wani Turancin daban da ban taɓa jinsa a bakin lakcara ko ɗan siyasa ba, kalmominsa gajeru ne, wasu ma gaɓa ɗaya tak, froe, trug, nave, adze, kuma duk sunayen kayan aiki ne da kayan gida na katako da talakawan karkarar Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa da su. Na ci karo da shi ne a zuwan da na yi wajen Yayata da ke aikin jinya a Reading, garin da ke yamma da Landan, tafiyar kamar minti 25 a jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Paddington. Redin suke furta sunan fa, kar ka je taga kana neman tikitin Ridin.

Lokacin hutun tsakiyar zango ne na 'yan makaranta, ita kuma aikin dare take, da rana barci, sai aka ɗora min ɗanta mai shekara 11 wai in dinga fita da shi kar ya ƙare a gaban gem. Abin da ya kai mu Museum of English Rural Life, wato gidan adana kayan tarihin rayuwar karkara, gaskiya ba wani son ilimi ba ne, kyauta ake shiga kuma da ƙafa ake zuwa daga tsakiyar gari. Yana kan titin Redlands, wani gida na jan bulo da asalinsa na Alfred Palmer ne, ɗaya daga cikin iyalan da suka mallaki kamfanin biskit na Huntley & Palmers. Jami'ar Reading ce ta kafa wurin a 1951, lokacin tarakta na korar doki daga gonaki mutane na ta zubar da tsoffin kayan kakanninsu, sai malaman sashen noma suka ce a'a, a kawo mu ajiye. Yaron ya san wurin ne kawai saboda hoton wani ƙaton rago da suka saka a Twitter a 2018 duniya ta ɗauka.

Abin da ya fara tare mana ido manyan kekunan doki ne na ɗaukar amfanin gona, a jere, kowane yanki da irin ƙirarsa da kalar fentinsa. Ina tsaye jikin wani wili da ya kusa kawo min ƙirji sai wani dattijo cikin masu aikin sa kai ya matso ya ce in duba da kyau, wilin nan ba itace ɗaya ba ne, uku ne. Cibiyar tsakiya nave ake ce mata, da itacen elm ake yinta saboda zarensa a murɗe yake cikin juna, ko ramuka 12 ka huda masa a kewaye ba zai tsage ba. Sandunan da suka fito daga cibiyar su ne spokes, wannan kam ko mai gyaran keke ya san sifok, da oak ake yinsu don shi ke ɗaukar nauyi. Sai da'irar waje, ashe ba katako ɗaya ake lanƙwasawa ba, guntaye ne ake yankowa a lanƙwashe a haɗa, kowane guntu ya ɗauki sifok biyu, sunan guntun felloe amma felli tsoffi ke faɗa, shi kuma da itacen ash saboda yana da ɗan sassauci, in wili ya faɗa rami sai ya ba da kai ya dawo. Babu gam a haɗin ko ɗigo. Abin da ke riƙe komai zoben ƙarfe ne da maƙeri ke yi ya ɗan gaza wilin faɗi, a gasa shi a wuta ya buɗe, a ɗora a kan katakon yana hayaƙi, a yi maza a kwara ruwa, yana hucewa yana tsukewa yana matse kowane haɗi.

Na juya na ce wa yaron, kai da Turanci ne harshenka na farko, ka san felloe? Ya ce Kawu ai fellow mutum ne. Dattijon ya yi dariya har da riƙe gefen keken, ya ce kar in ga laifinsa, cikin Turawan da ke shigowa ma da wuya ka samu wanda ya sani.

Daga nan ne fa ya ja mu ɓangaren ƙananan kaya, kuma a nan na ji kalmar da ta fi min daɗi a tafiyar gaba ɗaya, treen. Daga tree ta fito, ma'anarta abin da aka yi da itace, kuma ita ce sunan da ya haɗa duk ƙananan kayan gida na katako, cokali, kwano, mazubin gishiri, abin buga tambari a kan man shanu, banda kujera da tebur da sauran manyan kaya. Kafin tangaran da kwanon ƙarfe su yi arha, talakan Ingila a katako yake ci a katako yake sha. Farantinsa trencher, wani katako mai kusurwa huɗu da aka ƙwaƙule tsakiyarsa, da wani ɗan ƙaramin rami a gefe na zuba gishiri, kafin na katakon ma busasshen burodi ake yankawa a zuba abinci a kai. Har yanzu in an ce wane trencherman ne to ana nufin ba ya wasa da cikinsa. Piggin ƙaramin bokiti ne da aka bar katako ɗaya a jikinsa ya fi sauran tsayi ya zama mariƙi, da shi ake tatsa ko ɗiban ruwa. Noggin ɗan ƙaramin kofi ne, kalmar ta rayu amma yanzu kan mutum ake ce wa haka cikin raha. Mazer kuma na masu hali ne, kwanon sha na itacen maple da ake yi wa baki da azurfa. Ya ce in ina son ganin treen da yawa to Birmingham ce, wani mutum Edward Pinto ya tara dubbai a rayuwarsa, gidan tarihin birnin ya saye su a shekarun 1960.

Wanda ya fi ba ni dariya ɓangaren masu haɗa ganga ne, cooper ake ce wa mai sana'ar. Su ma kashi-kashi ne, akwai mai yin gangar ruwa-ruwa wadda ba a yarda ta ɗiga ba, akwai mai yin ta busassun kaya irin gari da tufa, akwai mai yin bokiti da abin kaɗa nono na matan gida. Mu komai ganga ce ko duro, su kuwa kowace girma da sunanta. Pin galan huɗu da rabi, firkin galan 9 wato wajen lita 41, kilderkin 18, barrel 36, sai hogshead galan 54, wadda in ka fassara sunan kai tsaye kan alade ke nan, Allah kaɗai ya san abin da ya haɗa su. Firkin da kilderkin daga bakin 'yan kasuwar Holan suka shigo. Waɗannan kam ba su mutu ba, masu gidajen giya na amfani da su har gobe duk da gangunan sun koma na ƙarfe, mu dai ba ruwanmu da abin da ke ciki, sunan muka zo ji.

Kwanduna da tsintsiyoyi mun wuce su da sauri don yaron ya fara jan ƙafa. Na dai riƙe trug, kwandon lambu mai siffar kwale-kwale na yankin Sussex da ake yi da siraran allunan willow a kan firam na chestnut, wanda wani Thomas Smith na ƙauyen Herstmonceux ya kai babban baje kolin Landan na 1851 Sarauniya Victoria ta gani ta yi oda. Da besom, tsintsiyar rassan birch mai doguwar ƙota, irin wadda suke zana mayu a kai.

Inda na daɗe a tsaye har yaron ya je ya dawo shi ne gaban injin George Lailey. In ka gan shi ba za ka ce inji ba ne, wasu gumagumai ne marasa kyan gani da aka haɗa, duk sun yi baƙi sun sha hannu. Lailey mutumin Bucklebury ne, wani ƙauye yamma da Reading, an haife shi a 1869 ya rasu a 1958, kuma shi ne na ƙarshe a Ingila da ya ci abinci da sana'ar yin kwanon katako a kan pole lathe kamar yadda ake yi tun zamanin da, a bukkar da ya gada daga mahaifinsa da kakansa, ba lantarki. Yadda abin ke aiki, akwai doguwar sanda mai lanƙwasuwa a sama, an ɗaura igiya a bakinta, igiyar ta sauko ta naɗe sandar da aka kafa katakon a jiki sannan ta wuce ƙasa zuwa feda. In ka taka feda katakon ya juyo wajenka sai ka kanga masa ƙarfe ya yanka, in ka ɗaga ƙafa sandar sama ta miƙe ta mayar da shi baya, a nan ba yanka, sai ka ɗan janye hannu. Haka za ka yini, ƙafa ɗaya tana taka ɗaya tana ɗauke da kai. Ƙarafan nasa dogaye ne masu lanƙwasashen baki kamar ƙugiya, kuma gwanintar ita ce baya ɓarar da cikin kwano ya zama ɓarɓashi, yana zagaye shi ne da ƙugiyar har ya ciro cikin a dunƙule, wannan dunƙulen ya zama kwano na biyu, cikin na biyun ya zama na uku, daga gungume ɗaya ya fitar da kwanuka suna shiga cikin juna. Da na leƙa ɗaya daga cikin kwanukan na ga layin ƙarfen a jikinsa zagaye-zagaye, ba a goge da sanfefa ba, wallahi akushi kawai na tuna, bambancin shi ne namu da gizago ake sassaƙa shi a baƙanta shi da wuta, nasu juya shi ake yi.

Lailey bai bar magaji a sana'ar ba, da ya rasu aka kwaso injin da ƙarafan aka kawo nan, abin ya zama na kallo. Sai a shekarun 1990 wani mutum Robin Wood ya zo ya tsaya a gaban injin nan, ya koma ya haɗa irinsa, har ƙira sai da ya koya don babu shagon da zai sayar masa da irin ƙarafan, ya yi ta ɓata katako har hannunsa ya faɗa. Daga baya shi ya shugabanci ƙungiyar Heritage Crafts, wadda tun 2017 take fitar da jerin sana'o'in hannu da ke bakin mutuwa a Birtaniya. Wani abin kuma, elm ɗin da Lailey ke aiki da shi ya yi wuya yanzu, wata cuta da ƙwaro ke yaɗawa ta kashe sama da bishiya miliyan 25 a ƙasar tun daga ƙarshen shekarun 1960. Ni a ganina wannan ne dalilin da ya sa ajiye kalma a kati bai wadatar ba, katin zai gaya maka sunan ƙarfe amma ba zai gaya maka ta wane gefe ake kanga shi ba.

Dattijon ne ya ce in dai pole lathe ya burge ni to in je High Wycombe in ga inda ya ciyar da gari guda. Ranar Asabar muka hau bas, ta bi da mu ta Henley da Marlow, garuruwa biyu a bakin kogin Thames masu tsafta da tsada, ko ruwan roba ban yarda na saya a can ba, sannan hanya ta fara hawa tuddan Chiltern, daji ne na itacen beech dogaye santala-santala masu toka-tokan jiki, ƙasansu shimfiɗe da jajayen ganye. Hai Wikam ake faɗar sunan garin. Sana'arsa kujera, musamman irin wadda ake kira Windsor mai sanduna a baya. An ƙiyasta cewa a 1875 kujera 4,700 ake yi a garin a rana ɗaya, kuma a 1877 da Sarauniya Victoria ta biyo za ta gidan firaminista Benjamin Disraeli a Hughenden, da kujeru suka gina mata ƙofar maraba a kan titi, an ɗora su kan juna har sama. Ƙungiyar ƙwallon garin, Wycombe Wanderers, laƙabinta Chairboys, yaran kujera, a nan ɗan asalin Najeriyar nan mai ƙirar 'yan dambe Adebayo Akinfenwa ya buga daga 2016 har ya yi ritaya a 2022, wannan labarin ne kaɗai ya sa yaron ya yarda garin na da muhimmanci.

Gidan tarihin garin ƙarami ne, yana kan tudu kusa da tashar jirgi, kujeru ne kala-kala. Abin da na fahimta a nan, kujera ɗaya hannu da yawa take bi, kuma kowane hannu da sunansa. Bottomer shi ke ƙwaƙule mazaunin da adze, wato gizago mai doguwar ƙota, yana tsaye a kan allon elm yana sara tsakanin ƙafafunsa, ka ga kuwa yatsun ƙafa suna cikin haɗari. Benchman yana yanka sassan baya da hannuwa, framer ya huda ya haɗa. Ƙafafun kujerar kuwa ba a gari ake yinsu ba, a cikin daji ake yi, mutanen da ake kira bodgers. Sukan sayi wasu bishiyoyi a tsaye, su kafa 'yar bukka a wurin, su sare su tsaga su gurza ƙafafun tun itacen na ɗanye, su jera su a iska su bushe sannan a kai wa masu masana'anta a gari, ciniki kuma da gross ake yi, wato 144. Na ƙarshensu sun kai har wajen ƙarshen shekarun 1950 suna aiki a dajin. Abin haushi, a Turancin yau in an ce an yi bodge ana nufin aikin ha'inci, a liƙa a gudu, alhali mutanen nan ƙafar kujera 144 za su fitar kusan kamar an auna da inji, da ido da sabo kawai.

Sa'ar da muka taka ita ce a ranar wasu masu sha'awar sana'ar sun kafa kayansu a wani fili gefen gari suna nuna wa mutane. Suna da ƙungiya tun 1990, har taron shekara suke yi da suke kira Bodgers' Ball. Yawancinsu 'yan fansho ne masu furfura, amma wadda ta karɓe mu wata mata ce da ba za ta wuce shekara 40 ba, hannunta duk kanta. Ta ɗauko guntun ash ɗanye ta tsayar, ta ɗora masa froe a ka, wani ƙarfe ne mai faɗi da ƙotarsa ta miƙe sama kamar harafin L, ta ɗauki kulkin katako ta buga bayan ƙarfen ya nutse, sannan ta janyo ƙotar wajenta, sai ji kake ɓas, itacen ya rabe biyu yana bin zarensa, cikinsa fari fat da danshi. Ta ce shi ya sa ƙafar da aka tsaga ta fi wadda aka yanka da zarto ƙarfi, zarto yana yanke zaren, tsagawa kuwa binsa take yi. Babbar gudumar katako da ake buga weji da ita in gungumen ya yi girma beetle ake ce mata, yaron ya ce wannan kuma ai ƙwaro ne. Daga nan ta hau shave horse, wani benci da ake hawa kamar doki, ka tura ƙafa gaba wani katako ya danne maka aikin, hannunka biyu su samu damar jan drawknife, wuƙa mai mariƙi biyu, tana ja ɓawon na fita dogo-dogo yana naɗewa. Kafin ka ce me guntun ya zama mulmulalle, ta ɗora a lathe ta fara taka feda, tana magana da mu tana aiki, ɓarɓashi na tashi yana sauka a takalminta, ga ƙafar kujera ta fito da ƙwanƙwasarta da zobbanta.

Abin da na lura da shi, a bakinta kalmomin nan ba na gidan tarihi ba ne. Miƙo min froe, ina beetle ɗin, haka take ce wa abokin aikinta ba tare da ta ɗago kai ba, don in ta ce miƙo min abin nan ba zai san wanne ba cikin ƙarafa goma. Ta ba yaron ya taka fedar, ya yi ta rikicewa yana kanga ƙarfe lokacin da katakon ke komawa baya, ƙarfen na tsalle, ita kuma tana cewa ya saurari ƙarar, in yana yanka daidai sautin daban ne. Can sai ga ɗan siririn ɓawo ya fito, ya juyo yana cewa Kawu ka gani, Kawu ɗauke ni bidiyo. Kwanon da suke sayarwa na tambayi kuɗinsa, na lissafa da naira a zuci, na ajiye shi a hankali na yi godiya.

Mun yi sallah a masallacin titin Jubilee, garin na da Musulmi da yawa 'yan asalin Pakistan, muka ci shinkafa da kaza a wani shago kusa, sannan muka nemi bas. A hanya ne na gaya wa yaron abin da matar ta faɗa min, cewa rabin sana'o'in nan suna nan a sunayen mutane, sai muka mayar da shi wasa, wa zai fi kawo ɗan ƙwallo mai sunan sana'ar katako. Na fara da Ian Wright, don wright maƙeri ne na katako, daga nan wheelwright mai wili da wainwright mai keken doki suka fito. Ya ce Matt Turner da ya tsare wa Arsenal raga, turner mai juya katako a lathe, na ce ya ci. Na kawo Darren Fletcher mai yin kibiya da Lee Bowyer mai yin baka, ya ce bai san su ba tsoffi ne, ba a lissafa su. Ya kawo koci Steve Cooper, na kawo alƙalin wasa Simon Hooper mai sa wa ganga zobe, ya ce alƙali ba ɗan ƙwallo ba ne, na ce to koci fa? Muna wannan gardamar har Henley, wani Bature da ke kujerar gabanmu ya juyo ya ce shi sunansa na gida Sawyer, mai zarto, in za mu karɓi wanda ya taɓa buga wa ƙungiyar unguwa.